Jirgin Gangare: Amsa ga Malamin da Ya Tambayi Sunayen Rola-Kosta da Sassanta

Allah shi gafarta Malam, tambayarka ta iso. Ka ce kana koyar da fiziks a wata sakandare a nan cikin garin Sakkwato, da ka zo darasin makamashi sai ɗalibai suka ɗauko maka zancen abin nan da suke gani a bidiyo, wanda Turawa ke kira rola-kosta. Suna son sanin sunansa da Hausa, da sunan kowace lanƙwasa da yake bi, da abin da ke hana shi faɗowa in ya kife da mutane. Na yi shekaru cikin masu dubawa da gyaran irin waɗannan jirage a wani wurin shaƙatawa a ƙasashen Larabawa kafin in dawo gida, don haka zan faɗa maka yadda ake kiran abubuwan a bakin aiki, da yadda nake ganin za su zauna a bakinmu.

Abu na farko da za ka dasa wa yaran a kai shi ne jirgin nan ba shi da inji. Babu kan jirgi, babu direba, babu totur. Ana kai shi can sama ne, ko a cilla shi, sannan a sake shi nauyinsa ya ƙarasa aikin. Kalmar "kosta" ɗin ma abin da take nufi ke nan, irin yadda direba kan sa mota a firi in ya samu gangara don ya rage shan mai. Shi ya sa ni "jirgin gangare" nake ce masa. Na san a wurin wasan yara ranar Sallah duk abin da ya ɗauki mutum ya juya da shi "lilo" muke cewa, amma lilo a rataye yake yana kai da komo a wuri guda, wannan kuwa dogo yake bi. In yaro ya riƙe cewa babu inji, sauran sunayen duk za su zo mishi da sauƙi, domin kowannensu amsa ce ga ɗaya daga cikin tambayoyi uku: mi ke tura shi, mi ke riƙe da shi, mi ke tsayar da shi.

Asalin abin daga Rasha ne, inda tun ƙarni na 17 ake gina tudun katako a lulluɓe shi da ƙanƙara mutane su riƙa sulɓowa. Har yau Faransawa "duwatsun Rasha" suke kiransa, su kuma Rashawa su ce "duwatsun Amurka", kowa ya ɗora wa wani. A Amurka akwai wani dogo na sauko da gawayin kwal daga tsauni a Mauch Chunk, wanda aka buɗe a 1827, daga baya mutane suka fara biyan kuɗi don a gangaro da su a kai. Na farko da aka gina can don wasa kawai shi ne na LaMarcus Thompson a Coney Island a 1884, gudunsa bai wuce kilomita 10 a awa ba, wato mai keke ma zai wuce shi. Ka yi haƙuri da ɗalibanka in kalmar tarago ta yi musu baƙunta. Dogon ƙasar nan a Ƙauran Namoda ya tsaya, bai ƙaraso mu ba, da yawansu ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ido da ido ba.

Tudun farko, wanda ya fi kowanne tsawo, shi ne tudun ɗagawa. Sarƙa ce mai kauri take zagayawa a tsakiyar dogon, babban injin lantarki da ba a jikin jirgin yake ba yana jan ta, a ƙarƙashin tarago kuma akwai ƙugiya da ke kama sarƙar. Ƙarar nan ta ƙas-ƙas-ƙas da ake ji a bidiyo lokacin hawa ba ta sarƙar ba ce. Wani harshen ƙarfe ne a ƙarƙashin jirgin yake tsallake jerin haƙora da aka shimfiɗa a gefen sarƙar, kamar firiwil ɗin keke, ya yarda a yi gaba amma bai yarda a yi baya ba. Turawa "kare" suke ce wa harshen nan, ni kuwa "haƙorin hana komawa" nake cewa. Ko sarƙa ta tsinke, ko wuta ta ɗauke, jirgin zai ja baya ɗan taƙi kaɗan ne ya cije a nan.

Ga lissafin da zai yi maka amfani a allo. In ba a sa gogayya da iska a ciki ba, jirgin da ya gangaro mita 30 zai iso ƙasa da gudun kusan kilomita 87 a awa. In aka ninka tsawon ya zama mita 60, gudun ba ya ninkuwa, kusan 123 yake kaiwa. Kuma tunda kowace taya da kowace kwana suna cin rabonsu na ƙarfin, a jirgin da sarƙa kaɗai ta ɗaga babu tudun da zai biyo baya ya kai na farko tsawo. Duk bidiyon da yaro ya ga jirgi ya hau abin da ya fi inda ya fito, to an ƙara mishi ƙarfi a hanya.

Wannan ƙarin shi ne cillawa. Akwai ta haidirolik, inda mai da aka matse yake juya wani babban ganga ya naɗe igiyar ƙarfe ya fizgi jirgin. Da ita Formula Rossa da ke Abu Dabi, wanda aka buɗe a 2010, yake kai kilomita 240 a awa cikin daƙiƙa biyar ko ƙasa da haka, har sai an ba mahaya tabarau saboda yashi da ƙwari. Amma yanzu duniya ta koma cillawar maganaɗisu: jerin naɗin waya a kan dogo, maganaɗisu a jikin jirgi, wuta tana tura shi gaba ba tare da wani abu ya taɓa wani ba. Irinta aka sa wa Falcons Flight da aka gina a Ƙiddiya kusa da Riyadh, wanda aka tsara ya kai kilomita 250 a awa.

Sai abin da ke riƙe da shi, kuma nan ne yaran suka fi son ji. Jirgin ƙasa zaune kawai yake a kan dogo, nauyinsa da leɓen tayarsa ke tsare shi. Jirgin gangare kuwa damƙe dogon yake yi ta fuska uku. Akwai tayar sama mai ɗaukar nauyi, akwai tayar gefe mai hana shi zamewa hagu ko dama, akwai tayar ƙasa da ke bin dogon ta ƙarƙashi ta hana shi tashi. Ka kama bututun ruwa da hannu, yatsu a sama, babban yatsa a ƙasa, ka nuna musu, shi ke nan sun gane. John Miller ne ya yi rajistar tayar ƙasan a 1919, kuma ita ce ta raba tsohon zamani da sabo. Kafin ta dole a yi tudu mai laushi don kada jirgi ya bar dogo. Tayoyin jiragen ƙarfe na yau ƙarfe ne a ciki, an yi musu riga ta roba mai tauri ko nailan, kuma su muke fara dubawa kowace asuba.

Nau'o'in jiragen ba sai na tsawaita ba. Rabo na farko na katako ne da na ƙarfe, kuma dogon ake dubawa, ba ginshiƙan da ke ɗauke da shi ba. Cyclone na Coney Island, na 1927, ƙafafunsa ƙarfe ne amma na katako ake kiransa, saboda dogonsa allunan katako ne da aka jera bisa juna aka shimfiɗa musu ƙarfe a sama. Dogon bututun ƙarfe ya fara ne da Matterhorn Bobsleds a Disneyland a 1959, kuma bututu na lanƙwasuwa yadda aka ga dama, shi ya buɗe ƙofar duk murɗe-murɗen da ake gani yau. Akwai kuma ruwa-biyu, ginin katako da dogon ƙarfe.

Rabo na biyu yadda mutum yake a jikin dogon ne: na zaune, na tsaye, marar daɓe wanda ƙafafu ke reto, na kwance rub-da-ciki kamar mai tashi sama, da mai fiffike wanda kujerunsa ke gefe da gefen dogo babu komai sama babu komai ƙasa. Biyu ne ake yawan rikitawa, duka dogonsu a saman kai yake. Ɗaya ratayayye ne, taragonsa na lilo hagu da dama in an sha kwana. Ɗayan a ɗaure yake kam ba ya lilo, shi ya sa yake iya kifewa, kuma kamfanin Bolliger & Mabillard na Suwizalan ne ya fito da shi a 1992. Na farkon ka ce "mai reto", na biyun "na ƙarƙashin dogo". Sannan akwai mai cikakken zagaye, da ɗan kai-da-komo wanda ke zuwa ƙarshen dogo ya dawo da baya.

Sunayen tsawo kuwa, haifa da giga da sitirata, sunayen talla ne, ba na injiniya ba. (Haifar nan ba ta haihuwa ba ce, kafin wani ɗan aji ya riga ka.) Na farko wanda ya kai ƙafa 200 ne, wato mita 61, na biyu ƙafa 300, na uku 400. Wurin wasa na Cedar Point a jihar Ohayo ne ya fara ketare kowane mataki da jirgi mai cikakken zagaye, a 1989 da 2000 da 2003. Kada ka wahalar da yara da haddace su.

Kafin lanƙwasoshi sai ka ba su ma'aunin "ji", wato harafin G. Wanda ke zaune a aji yana kan ji ɗaya, nauyinsa na kullum. A gindin gangara, inda dogo ya juyo sama, jiki kan yi nauyi ninki uku ko huɗu, wani lokaci har biyar na ɗan ƙiftawa, jini ya sauka ƙafa, wasu su ga duhu-duhu. A ƙolin tudu kuma akasin haka ne, mutum ya ji ya rabu da kujera. Duk wanda ya taɓa zama bayan mota direba ya haye kwalbati mai tudu da gudu, hanjinsa ya taso, ya san abin. Tudun da ake ginawa musamman don wannan Turawa "bayan raƙumi" suke ce mishi, kuma a nan mun fi su kalma: tozo. Yaron da ya taɓa ganin raƙuma a kasuwar Illela ba ya bukatar ƙarin bayani. Ƙananan da ake jerawa kusa da ƙarshe, su ce tsallen zomo, mu ma mu ce tsallen zomo.

Zobe shi ne wanda jirgi ke hawa ya kife ya sauko, kuma ya cancanci ka tsaya a kansa. Ka sa yaro ya ɗebi ruwa rabin bokiti ya wulwula shi sama da kansa kamar majajjawa, ruwan ba zai zubo ba muddin da gudu. To haka mahayi yake a ƙolin zobe, gudun ne ke manne shi da kujera, sandar da ke cinyarsa ta ko-ta-kwana ce. Amma ka ce su dubi hoton da kyau, zoben ba da'ira ba ce, siffar ɗigon hawaye ce da aka juya, lanƙwasar na da faɗi a ƙasa, tana matsewa a sama. Dalilin a lissafi yake. In da'ira ce cikakkiya, jirgin da zai iya wuce ƙoli da ƙyar sai ya danne mahayi da ji shida a gindi, kuma dannawar za ta zo ne farat ɗaya. An gwada hakan a Coney Island a 1895 da wani mai suna Flip Flap, mutane suka riƙa sauka da ciwon wuya. Sai a 1976 injiniya Werner Stengel na Jamus da Anton Schwarzkopf suka fito da zoben da lanƙwasarsa ke matsewa sannu a hankali, a jirgin Revolution da ke Kalifoniya, aka samu zoben da jiki ke ɗauka.

Sauran sunayen siffa ce kawai, kowa da abin da idonsa ya gani. Wanda ke murɗawa yana gaba kamar haƙoran sukuru ka ce "tufka", kamar ta igiya. Kwana mai zagayawa tana hawa ko tana sauka ba tare da kifewa ba, "naɗin sifirin". Wanda jirgi ke hawa ya kife sau biyu ya juyo inda ya fito, daga nesa sak gamsheƙa ta fasa kai, to "kan gamsheƙa", Turawa ma da macijin suka kwatanta shi. Ɗan'uwansa da aka juya ƙasa "fiffiken jemage". Wanda ke mirgina mutum daidai ƙolin tozo yana jin ba shi da nauyi, "mirginar sama". Imelman kuwa sunan mutum ne, Max Immelmann, matuƙin jirgin yaƙin Jamus a Yaƙin Duniya na Ɗaya, rabin zobe ne sannan a mirgina a miƙe, a bar mishi sunansa. Kwanar da aka karkatar da dogonta ciki, kamar yadda ɗan kabu-kabu ke kwantar da babur, "karkatacciyar kwana". A waɗannan duka ban damu ba in kai ka ce tufka wani malami a Gwadabawa ya ce murɗiya.

Inda ba na yarda da sunaye biyu shi ne wajen tsayarwa. Birki iri biyu ne. Na matsewa wasu leɓɓa ne a kan dogo da ke damƙe wani faifan ƙarfe da ke ƙarƙashin jirgi. Yawanci sifirin ne ke rufe su, iska ce ke buɗe su, don haka in wuta ta ɗauke ko kwamfiresa ta mutu, rufewa suke yi. Direbobin tirelar da ke lodin siminti a Kalambaina sun san wannan, in iska ta zube mota cijewa take yi. Na biyu na maganaɗisu ne, faifan jan ƙarfe ko alminiyam ya ratsa tsakanin maganaɗisu masu ƙarfi, wata wuta ta taso a cikin faifan ta riƙa ja da baya. Ba ya gogewa, ba ya bukatar lantarki, ruwan sama bai dame shi ba, sai dai ƙarfinsa na raguwa yadda gudu ke raguwa, don haka ba ya tsayar da jirgi cak, sai an haɗa mishi da na matsewa ko tayoyin roba masu turawa. Akwai kuma ɗan birkin rage gudu a tsakiyar hanya, wanda masu son abin suka tsana.

Kalmar da ta fi kowace muhimmanci a aikin ita ce bulok, ni "shiyya" nake fassara ta. Ana yanka dogon gida-gida, kowace shiyya tana ƙarewa da wurin da zai iya tsayar da jirgi cak, ko tasha, ko tudun ɗagawa, ko birki. Doka ɗaya ce: jirgi biyu ba sa zama shiyya ɗaya. Na'urorin sansano da aka jera a gefen dogo suna gaya wa kwamfuta inda kowane jirgi yake, kuma ba za ta saki na baya ba sai na gaba ya fice. Shi ya sa dogo mai shiyya biyar ba ya ɗaukar fiye da jirgi huɗu, dole a bar gida guda babu kowa. In ka ga bidiyon mutane sun maƙale a kan tudu, galibi ba lalacewa ba ce, kwamfuta ce ta ga abin da ba ta gamsu da shi ba ta tsayar da kowa.

Wata safiya ta sanyi a wurin da na yi aiki, muka saki jirgi babu kowa don gwajin asuba. Giris ɗin boris ya daskare, ga iska tana bugowa ta gaba, jirgin kuma ba nauyi. Ya hau wani tozo, saura kamar taku uku ya haye, sai ya tsaya, ya yi kamar yana shawara, ya dawo da baya. Ya yi ta kai da komo a kwarin har ya kwanta. Wannan shi ne "faɗawa kwari". Allon kwamfuta ya nuna shiyya ta uku a cike. Wani sabon yaro da ke kan maɓallai ya ce ai sensa ce ke ƙarya, a share a ci gaba, domin daga ɗakin ba a hango kwarin. Babbanmu bai ce mishi komai ba, ya miƙa mishi hular kwano ya ce ya je ya ƙirgo jiragen da ƙafarsa. Ya dawo jiki a sanyaye. Ranar sai da muka yi awa huɗu muna jan jirgin da winci, kuma daga nan duk gwajin sanyi sai mun ɗora jarkokin ruwa masu siffar mutum a kujeru.

Abin da yaron nan ya so yi shi ne ya faru da gaske a Alton Towers ta Ingila ranar 2 ga Yunin 2015, a jirgin Smiler mai kifewa sau 14. Taragon gwaji ya faɗa kwari, kwamfuta ta tsayar da komai kamar yadda aka gina ta, ma'aikata suka ɗauka kuskure ne suka share, tarago mai mutum 16 ya je ya afka mishi. 'Yan mata biyu sai da aka yanke musu ƙafa, kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5. Shi ya sa nake cewa in ranar ta zo aka kafa irin wannan a ƙasar Hausa, "shiyya a cike" da "shiyya a buɗe" su zama da lafazi ɗaya tak a bakin kowane ma'aikaci, haka "a kulle", haka "saki", haka "tsayar da komai", wato jan maɓallin gaggawa.

Abin ɗaure mahayi ko sandar cinya ce ko ta kafaɗa, wani lokaci da bel a kai, kuma ba ta buɗuwa sai a tasha. Sandar awon tsawo da ke bakin layi ba don wulaƙanta yara aka sa ta ba, wanda bai kai ba sandar cinya ba za ta kama shi daidai ba. In da a Sakkwato za a gina, abin da zan fi jin tsoro ba tsawo ba ne. Zafin Afirilu ne da ke wuce digiri 40, wanda ke iya sa rigar taya ta saki ƙarfenta, da ƙurar hunturu da ke shiga boris ta zama kamar sanfefa.

Ga abin da za ka yi a aji da kuɗi kaɗan. Ka sayi tiyo mai haske irin na magina, mita uku ko huɗu, ka karɓi ƙwallon boris wajen mai gyaran babur. Ka lanƙwasa zobe a tsakiya, yara biyu su riƙe, na uku ya ɗaga bakin tiyon. Lissafi ya ce abin da ke sulɓi ba gogayya sai an sake shi daga tsawon da ya kai rabin faɗin zoben sau biyu da rabi kafin ya zagaye. Su auna da rula su gani, za su tarar sai sun ɗaga fiye da haka, domin ƙwallon na mirginawa kuma tiyon na cin nasa, sai ka tambaye su ina sauran ƙarfin ya tafi. Na birkin kuma, ka nemi guntun bututun jan ƙarfe wajen masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki, da ɗan maganaɗisu mai ƙarfi wanda zai shige cikinsa. Na tsohuwar sifika ba zai yi ba, ya yi rauni, ka nemi mai sheƙin azurfa. Ka fara jefa tsakuwa a bututun su ji ta faɗo nan take, sannan ka jefa maganaɗisun, ka ce su ƙirga.